Lambar da ta tsayar da asusun ƙungiyarmu: 2,147,483,647

Ma'ajin Ƙungiya:
Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta 'yan hatsi, kuma shekara biyu ke nan muna shigar da zubin 'yan ƙungiya a wata manhaja da wani yaro ya haɗa mana. Ran Laraba da daddare jimillar asusu tana naira 21,460,000. Na shigar da zubin mutum ɗaya, dubu 50, na danna. Sai ga jimilla ta fito da alamar ɗebewa a gabanta: −21,439,672.96. Wato wai mu ake bi bashi, har da kwabo 96, alhali ba wanda ya taɓa zuba mana kwabo. Na kashe wayar na kunna, tana nan yadda take. Na ɗauko littafin ajiya na bi shi layi-layi da biro har ƙarfe biyun dare, kuɗi suna nan cif. Kun san dukiyar jama'a, ranar ban runtsa ba. Da safe yaron ya ce wai mun ƙetare 2,147,483,647 ne. To mu ina muka ga biliyan biyu? Don Allah masana, wace irin lamba ce wannan?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Yaron da kwabo ya ajiye kuɗin, ba da naira ba, kuma hakan da ya yi daidai ne a aikin kuɗi. Raba lambar da ya faɗa maka da 100, za ka ga naira 21,474,836.47. Nan ne bangon da kuka yi karo da shi.

Kwamfuta da gurabe take ƙirga, kowane gurbi ko dai 0 ko 1. Akwatin da yaron ya zaɓa don ajiye jimillarku gurabe 32 gare shi. Ɗaya an ware shi don ya nuna ko lamba ta samu ce ko ta bashi, saura 31. In ka cika 31 ɗin nan duka da 1, ka kai 2,147,483,647. Ƙara ɗaya kawai, sai ya tsallaka cikin gurbin alama, lambar ta faɗo −2,147,483,648 ta fara hawowa daga can. Ka tuna mitar kilomita ta tsofaffin babura, in ta kai 99999 sai ta koma 00000. Ka ce masa ya mayar da akwatin mai gurabe 64.

Ma'ajin Ƙungiya:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Amma me ya sa ba a tsaya a lamba mai kan gado ba, kamar biliyan biyu cif?

Malam Mai Alli:
Alhaji, a wajen kwamfuta wannan ɗin ce mai kan gado. Ɗauki wata mai kwana 31. Ranar farko ka jefa kwabo 1 a asusu, washegari 2, sai 4, sai 8, kullum kana ninka na jiya. Ranar 31 ga wata in ka fasa asusun, abin da za ka tarar shi ne naira 21,474,836.47, ba daɗi ba ragi. A rubuce muna cewa 2^31 − 1, wato ka jera 2 har sau 31 ka buga su da juna, sannan ka cire 1.

Mai Shagon Waya:
Ni na taɓa jin cewa ai da gangan masu ƙera kwamfuta suka zaɓe ta don firam ce, babu lambar da ke raba ta. Saboda tsaro, kada ɓarayin intanet su fasa.

Malam Mai Alli:
Rabin maganarka gaskiya ne ɗan'uwa. Firam ce, ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Amma ba don haka ta zama iyaka ba. Dubi 'yan uwanta. Akwati mai gurabe 8 yana tsayawa a 127, ita ma firam ce. Mai gurabe 16 yana tsayawa a 32,767, wadda take 7 × 31 × 151. Mai 64 da Injiniya ya ce a koma masa yana tsayawa a 9,223,372,036,854,775,807, kuma 7 tana raba ta ba saura. Da firam ake nema da ba a yarda da waɗannan biyun ba. An zaɓi 32 ne don ninkin 8 ce, sai aka yi dace 31 ta ba da firam.

Mai Shagon Waya:
To amma Malam ai ana amfani da firam wajen kulle bayanan banki, ko ba haka ba?

Injiniya:
Ana yi, amma waɗancan masu ɗaruruwan alƙaluma ne, kuma ɓoye su ake yi. Wannan mai alƙaluma 10 ce da kowa ya haddace, ba ta kulle ko akwatin kwalli. Inda firam ɗinta ya yi rana shi ne wajen samar da lambobin canki-canka. A 1988 Park da Miller suka ba da shawarar wata hanya: ka buga lambar da ke hannunka sau 16,807, ka raba da 2,147,483,647, sauran da ya rage shi ne sabuwar lambarka. Sai ta zaga duk lambobin da ke tsakanin 1 da 2,147,483,646 kafin ta maimaita kanta. Wannan an yi shi ne bayan an ga lambar ta dace da akwatin, ba ita ta haifi akwatin ba.

Baba Tsohon Hedimasta:
Kafin ku yi nisa. Ina jin kuna ta firam, firam. Shekara 34 na yi ina riƙe da alli, kuma na ga yadda yaro ke haddace kalmar da bai san cikinta ba, ya ci jarrabawa ya manta. Muna da cika da mara tun muna wasa da ƙwallon dabino a hannu. Wannan fa ba za mu sa mata suna ba? Ni gagara-rabo nake ce wa jikokina, kuma suna ganewa nan take.

Ɗalibar Lissafi:
Baba, sunan ya yi daɗi, sai dai ina da ɗan tsoro. Yaro zai ɗauka duk mara gagara-rabo ce, tunda ba ta rabuwa biyu. Ga shi kuma 9 mara ce amma 3 na raba ta, 2 kuwa cika ce amma firam ce. Sannan a takardar jarrabawa kalmar Turancin zai gani.

Baba Tsohon Hedimasta:
'Yata, wannan aikin malami ne. Ba shi goro 9 ki ce ya raba wa mutum 3, zai raba. Ba shi 7 ki ce ya nemo mutanen da za su samu daidai ba tare da an fasa goro ba, ban da mutum ɗaya ya kwashe ko kowa ya ɗauki ɗaiɗai. Zai yi ta juyawa ya gaji. Daga ranar ba zai sake haɗa su ba. Kalmar jarrabawa kuma a koya masa daga baya, ba ta da wuya in ma'ana ta zauna.

Malam Mai Alli:
Na karɓi gagara-rabo, Baba. Da ita zan ci gaba.

Ɗalibar Lissafi:
To bari in gwada ta da dabarun da aka koya mana. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, kuma 5 ba ta raba ta. Na tara alƙalumanta na samu 46, ke nan 3 da 9 sun fita. Na gwada 7, saura 1. Na gwada 11, saura 1. Da 3 ma saura 1 ne, da 31 ma haka. Malam, wannan 1 ɗin da ke ta maimaituwa dace ne?

Malam Mai Alli:
Madalla da wannan ido. Ba dace ba ne. Maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Duk waɗanda kika gwada suna raba maƙwabciyar, dole su bar saura 1 a kan tamu. Abin da ke burge ni ke nan da wannan unguwa: ta ƙasa lambobi 192 ke raba ta, ta sama 2,147,483,648 ba komai cikinta sai 2 zalla, masu raba ta 32, ita kuwa ta tsakiya biyu kacal.

Amma kada ki ce kin gama. Gwajin 3 da 7 da 11 bai tabbatar da komai ba. Dubi 2,047, wato 2^11 − 1. Duk ƙananan nan ba sa raba ta, an daɗe ana mata kallon gagara-rabo, sai ga shi 23 × 89 ce. Haka 2^23 − 1, wato 8,388,607, tana da 47 a cikinta. Haka 2^29 − 1, ita ce 233 × 1,103 × 2,089. Lambar sama, wato wadda ke bayan alamar ^ kamar 11 ko 31, ta zama gagara-rabo sharaɗi ne, amma bai wadatar ba.

Mai Shagon Waya:
To ke nan sai an gwada lambobi biliyan biyu ɗaya bayan ɗaya?

Malam Mai Alli:
A'a. Masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kamar 23 da 89. In akwai babba dole akwai ƙaraminsa. 46,341 sau kanta ta riga ta wuce lambarmu, don haka in ka kai 46,340 ba ka samu komai ba, ka gama. Gagara-rabon da ke ƙasa da nan kusan 4,800 ne.

Ga inda nake so ku tsaya ku duba. Wanda ya tabbatar da wannan lamba shi ne Leonhard Euler, mutumin Siwizalan da ke aiki a Rasha, a 1772, cikin wasiƙar da ya aika wa wani masanin lissafi mai suna Bernoulli. A lokacin ya haura shekara 60, idanunsa sun riga sun tafi. Bai yi rabo 4,800 ba. Tun zamanin Fermat, masanin lissafi na Faransa da ya gabace shi, an san cewa duk gagara-rabon da zai raba 2^31 − 1 dole ya zama ninkin 62 da ɗoriyar 1. Gwada da 2,047 ku gani: can ninkin 22 ne, 23 ita ce 22 da 1, 89 kuma 88 da 1. Euler ya ƙara wani sharaɗin, cewa in an raba shi da 8 sauran ya zama 1 ko 7. Da ka haɗa biyun, sai ya zama layi biyu ne kawai za a bi: ninkin 248 da ɗoriyar 1, ko ninkin 248 da ɗoriyar 63. Lambobi 373 suka rage, kuma in ka tsame waɗanda su kansu suna rabuwa, ba su kai 100 ba. Daga biliyan biyu zuwa ƙasa da ɗari, kafin a fara ko rabo ɗaya. Duk shekara nakan nuna wa 'yan ajin ƙarshe wannan, kuma har yau in na zo wajen 248 sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Injiniya:
Malam, ba raina aikinsa nake ba, amma yanzu na rubuta layi biyar a kwamfutata, ta gama gwajin kafin in ɗauke yatsa. A ganina gara a koya wa yara yadda za su sa na'ura ta yi, maimakon a ɓata musu lokaci da 248.

Malam Mai Alli:
Na'urarka ta gama ne don lambar ƙarama ce. Ba ta 2^127 − 1 ta bi ta wannan hanyar, jikokin jikokinka ba za su ga ƙarshen aikin ba. Édouard Lucas kuwa da hannu ya tabbatar da ita a 1876 a Faransa, don ya samo hanyar da ba ta buƙatar rabo ɗaya-ɗaya. Kuma hanyar tasa ce, bayan wani masani mai suna Lehmer ya gyara ta, kwamfutoci ke bi har yau.

Injiniya:
Wannan kam na sallama. Amma ina nan kan bakana cewa a haɗa biyun. Na ga ɗaliban da suka iya hujja a allo amma ba su san akwai bangon da ya tsayar da Alhaji ba, kuma irinsu ne ke haɗa manhajar da ke faɗuwa.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ku biyun ba ku saɓa ba, kowa gefen da ya fi sani yake karewa.

Almajirin Zaure:
Salamu alaikum malamai. Mu a littattafan hisabi na Larabci mun tarar an kasa adadi gida uku: tammun, za'idun da naƙisun. Ana tara masu raba lamba ban da ita kanta. In sun yi daidai da ita tammun ce, kamar 6 da take 1 da 2 da 3. In sun zarce za'ida ce, kamar 12 da nata suka kai 16. In sun gaza naƙisa ce, kamar 8 da nata suka tsaya a 7. Wannan taku a wane gida take?

Ɗalibar Lissafi:
Naƙisa ce Malam, kuma ba naƙasar da ta fi wannan. Abin tarawar 1 ne kawai a gaban biliyan biyu.

Malam Mai Alli:
Haka ne, amma tana haifar cikakkiya, wato tammun. Iƙlidis, masanin lissafi na Girkawan dā, ya nuna haka a littafi na 9 na aikinsa, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ɗauki gagara-rabo irin wannan, wadda aka samu ta jera 2 a buga su da juna a cire 1, ka tara lambobi daga 1 har zuwa kanta. Daga 1 zuwa 3 ka samu 6. Daga 1 zuwa 7 ka samu 28. Zuwa 31, 496. Zuwa 127, 8,128. Duk tammun ne. In ka tara daga 1 har 2,147,483,647 za ka samu 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba ta takwas. Euler ɗin dai shi ya tabbatar da cewa duk cikakkiyar lamba da take cika ta wannan ƙofar take fitowa. Cikakkiya da take mara kuwa, har yau ba a samu ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar da babu ba.

Almajirin Zaure:
Masha Allah. Kuma a tuna a ƙarnin Euler ɗin muna da namu, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu kan wafaƙi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Malam Mai Alli:
Allah ya jiƙansa. Fanninsa daban ne da wannan, shi jera lambobi a gidajen hatimi ya yi yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, amma ya cancanci zare nasa na kansa. Ka buɗe mana shi, Malam, kai ne da littattafan.

Ɗan Damagaram:
Ina wuninku. Mu nan ba mu da kwabo a sefa, sai asusu ya haura biliyan biyu kafin wannan ta same mu. Tambayata ita ce, na ga ana kiran lambar da sunan Mersenne. In Euler ne ya yi aikin, me ya kawo wani?

Malam Mai Alli:
Marin Mersenne malamin coci ne a Faransa. A 1644 ya fitar da jerin lambobin sama da ya ce suna ba da gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. Har zuwa 19 an riga an sani, Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da 17 da 19 tun 1588. A kan 31 da 127 ya dace. A kan 67 da 257 ya yi kuskure, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Sunan dai ya bi dangin gaba ɗaya, tamu ita ce ta takwas a cikinsu.

Ta 67 ɗin ma tana da labari. A 1903 Frank Nelson Cole ya tashi a taron masana lissafi a New York, ya buga 193,707,721 × 761,838,257,287 a allo, ya nuna daidai take da 2^67 − 1.

Ɗalibar Lissafi:
Malam, na lura 31 ita ma 2^5 − 1 ce. Ke nan 'yar dangin ce ta haifi 'yar dangi?

Malam Mai Alli:
Ƙwarai. Irin waɗannan masu hawa biyu guda huɗu kawai aka sani: 7, 127, tamu, da ta Lucas mai alƙaluma 39. Ga kuma wata sifa ki riƙe. In kin raba ta da 8 saura 7 ne. Duk lambar da ke haka ba ta taruwa daga murabba'i (lamba sau kanta, kamar 1, 4, 9) biyu ko uku, sai huɗu. Gwada da 7 ki gani: 4 da 1 da 1 da 1, ba yadda za ki rage. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba, tamu tana cikin masu cinye huɗun duka.

Mai Shagon Waya:
Ni fa har yanzu ban ga abin da wannan zai ƙara wa mutum a aljihu ba.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ɗana, an riga ka faɗa. A 1811 wani Bature a Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya wani ya nemi cikakkiyar lamba da ta wuce wannan ta takwas, don a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani. A 1883 wani malamin coci a Rasha, Pervushin, ya tabbatar da 2^61 − 1, aka samu ta tara. Kuma ka dubi yadda zancen nan ya faro: lambar ce ta hana ma'ajin 'yan hatsi barci. Ni ban taɓa ce wa yaro ya koyi lissafi don aljihu kaɗai ba, amma ko ta aljihun ka bi, ga ta nan ta iso har cikin littafin zubi.

Injiniya:
Kuma ba a daina nema ba. A Oktoban 2024 Luke Durant ya samo 2^136,279,841 − 1 ta shirin GIMPS na masu neman irin waɗannan lambobi da kwamfutoci ta intanet, alƙalumanta 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a dangin.

Amma abin da ya fi damuna yana gaba. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, a cikin irin akwatin da ya ba Alhaji matsala. Daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki. Za su cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato 4:14:07 na asuba a Najeriya da Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, na'urar da ba a gyara ba za ta ce ana 13 ga Disamban 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma gurabe 64. Abin ji su ne ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injuna aka manta da su, da rumbunan bayanai da aka gina tun da daɗewa.

Ma'ajin Ƙungiya:
Injiniya, wannan ta taɓa mu. Manhajar tamu tana rubuta ranar da kowane bashi zai cika, akwai kuma yarjejeniyar hayar rumbu da muke shirin yi ta shekara 15. Yaron ya gyara wajen kuɗi jiya, jimilla ta dawo 21,510,000 daidai da littafi. Wajen kwanan wata fa?

Injiniya:
Gwada da kanka Alhaji. Shigar da bashin gwaji, ka sa ranar biya 1 ga Fabrairun 2038, ka adana, ka sake buɗewa. In ranar ta fito yadda ka sa ta, lafiya. In ta koma 1901 ko 1970, ko ta ƙi karɓa, ka kira shi tun kafin ku sa hannu a takardar rumbun. Kuma kada ka yar da littafin nan na biro.

Ɗalibar Lissafi:
Malam Mai Alli, na fara bin layin Euler da takarda. 63 tana rabuwa, 249 ita ce 3 × 83, na tsallake su. Gagara-rabo ta farko a layin ita ce 311. Na raba na samu 6,905,092 saura 35. Baba, don Allah a duba mini ko na yi daidai.

Baba Tsohon Hedimasta:
Na buga 311 × 6,905,092 a bayan takardar magani, na samu 2,147,483,612. Saura 35, kin yi daidai. Ta gaba 497 ce, 7 × 71, tsallake ta. Ki riƙe layin 63, ni zan bi layin 1, mu haɗu nan ran Asabar kowa da abin da ya samu.